Hayaƙi Ne Ke Kisa Tun Wuta Ba Ta Iso Ba

Ranar 16 ga watan Satumba na 2025, da tsakar rana, wuta ta tashi a ɗakin baturan inbata da ke ƙarƙashin benen Afriland, a titin Broad cikin tsibirin Ikko. Wutar ba ta rushe benen ba. Hayaƙinta ne ya bi hanya ya hau sama, ya cika ofis-ofis, har aka ga ma'aikata suna fasa tagogi suna dirowa, jama'a na tarbarsu da tsani. Mutum 10 suka rasa rayukansu. Abin lura a nan shi ne, waɗannan bayin Allah idonsu biyu, da rana tsaka, suna bakin aikinsu, amma duk da haka hayaƙi ya fi su sauri. To, ina ga wanda ya dawo daga kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba a gajiye, ya garƙame ƙofa, ya kwanta barci ƙarfe goma sha ɗaya na dare?

Gobarar da ke shiga jarida ita ce ta manyan benaye da kasuwanni. Dattawan da suka daɗe a Kudu ba su manta da ta benen NET a Ikko cikin 1983 ba, ko ta gidan Koko a Badun cikin 1985, yaran yanzu kuma sun ga ta kasuwar Balogun a 2019. A irin waɗannan, dukiya ce takan salwanta, gwamna ya zo jaje, a kafa kwamiti, a yi alkawarin gudummawa. Amma gobarar da ta fi ɗaukar rai ita ce ta ɗakin kwana, wadda ba ta wuce layi uku a shafin ciki, wani lokaci ma sai a masallaci a kan ji labarinta. Wadda ta fito fili aka sani ita ce ta Ƙauran Namoda a jihar Zamfara, cikin Fabrairu 2025, inda almajirai 17 suka rasu da dare a makwancinsu. Akwai makwantai irin wannan a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, da Ama Hausa a garuruwan Gabas, wasu ma sun fi shi cunkoso.

Mutane da yawa suna zaton in wuta ta kama, ƙauri zai tashe su. Ba haka abin yake ba. Hancin mai barci ba ya tashinsa kamar yadda kunnensa ke yi. Bugu da ƙari, hayaƙi yana ɗauke da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, in ta shiga jini sai ta ƙara nutsar da mutum cikin barci. Katifar soso kuwa, da kujerar kushin, da labule da tabarmar roba, in suna ci sukan fitar da wata gubar kuma, watau sayanaid. Saboda haka ne sau da yawa 'yan kwana-kwana kan tarar da gawa a kan gado, wuta ba ta ko taɓa ta ba.

Lokacin da mutum ke da shi don tsira ma ya ragu ainun. Gwajin da aka yi a Amurka cikin 1975 ya nuna cewa in wuta ta kama a gida, mazauna kan sami wajen minti 17 na fita. Da hukumar ma'auni ta ƙasar ta sake irin wannan gwaji a farkon shekarun 2000, sai aka tarar ya dawo wajen minti 3, domin kayan ɗaki sun tashi daga auduga da katako sun koma soso da roba. Wani zai ce ai gidajen Amurka na katako ne, na nan kuwa bulo da siminti ne. Gaskiya ne. Amma ba bulo ke kashe mutum ba, kuma katifar da ke ɗakin ɗan acaba a Ajegunle irin ta can ce.

Maganin da sauran ƙasashe suka samo wa wannan ba wani babban abu ba ne. Wata 'yar na'ura ce fara, zagayayya kamar murfin kwanon sha, da a kan kafa a silin, mai aiki da batir. In ta ji hayaƙi sai ta saki ƙara mai tsinin gaske. Wani injiniya mai suna Duane Pearsall ne ya ƙirƙiro mai batir ta gida a Amurka cikin 1965, zuwa shekarun 1970 ta bazu. Ƙungiyar rigakafin gobara ta ƙasar ta lissafa cewa cikin kowane mutum biyar da gobarar gida ta kashe, uku sun mutu ne a gidan da babu wannan ƙararrawa, ko kuwa akwai amma ba ta aiki. Faransa ta wajabta ta a kowane gida tun 2015, Ingila kuma a wannan shekara ta 2015 ta ɗora wa masu ba da haya nauyin sa ta a kowane hawa na gidansu. A nan kuwa, mutum na iya shekara talatin yana haya daga Obalende zuwa Fatakwal bai taɓa ɗaga kai ya ga guda ɗaya ba, alhali kuɗinta bai kai na wayar Android mafi araha ba, kuma tana nan a kasuwar Alaba da shagunan masu kayan lantarki na Badun da Anacha da Aba.

WACCE ZA A SAYA?

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa, kuma daga waje ba a bambanta su. Ta farko tana da ɗan burbushin wani sinadari mai suna amerikiyam a cikinta, wanda ke sa wutar batir ta riƙa ratsa iska tsakanin wasu 'yan faranti biyu. In hayaƙi ya shiga ya tare hanyar sai ta yi ƙara. Ana gane ta da alamar nan mai fikafikai uku kamar fanka, da rubutun Am-241 a bayanta. Tana da saurin jin wuta mai harshe, amma tana da nawa wajen jin wadda ke cin ƙasa-ƙasa, ga ta kuma da yawan tsegumi: ko ƙosai aka soya a maƙwabta sai ta ɗauka. Faransa ma ta hana sa irinta a gidaje.

Ta biyu ita ce mai ido, wadda masu shago ke kira oftikal. A cikinta akwai ɗan haske da ke tafiya miƙe, da wani ido a gefe da hasken ba ya kai masa. In hayaƙi ya shiga sai ya watsa hasken, idon ya gani, ƙara ta tashi. Wannan ita ta dace da ɗakin haya, domin gobarar dare yawanci ba da harshe take farawa ba. Igiyar leƙo ce ta faɗa kan katifa, ko guntun taba, ko wayar wuta ta yi zafi a bayan kujera bayan Nefa ta dawo da ƙarfi an bar hita ko dutsen guga a jone. Irin wannan takan ɗauki lokaci tana turnuƙewa kafin ta tashi, kuma wannan lokacin shi ne dukan abin da mai barci ke da shi.

A kuma nemi mai batir, domin wadda ta dogara da wutar lantarki kaɗai ba ta da amfani a ƙasar da aka fi kunna kyandir a daren da babu wuta. Akwai mai batir ɗin nan mai kusurwa huɗu, na bolt 9, wanda a kan sauya ko sau ɗaya a shekara. Akwai kuma mai batir a manne, wanda ba ya cirewa, yana kai shekara 10. Ta biyun ta ɗan fi tsada, amma ta fi, saboda dalilin da kowane magidanci ya sani: batir ɗin da ke cirewa, wata rana wani zai cire shi don wata bukata, da niyyar gobe zai mayar.

Sai maganar jabu, wadda ita ce babbar masifa. Jabun agogo in ya tsaya mai shi zai gani, amma jabun ƙararrawa ba a gane ta sai daren da aka bukace ta. Mai saye ya duba jikin na'urar, ba kwalin kaɗai ba, ya nemi lambar EN 14604, wadda ita ce ma'aunin Turai, ko UL 217 ta Amurka, tare da sunan kamfani da ranar da aka ƙera ta. Ranar ƙirar nan muhimmiya ce ƙwarai, domin kowace ƙararrawa tana da wa'adin shekara 10 daga ranar da aka yi ta, ba daga ranar da aka saye ta ba. Wannan ne ya sa na gwanjo, waɗanda a kan zubo cikin kwantena tare da tsofaffin dutsen guga da rediyo, ba abin saye ba ne ko nawa aka ce, gama yawancinsu an cire su ne a can saboda wa'adinsu ya cika. Araha dai ba ta ado. Aikin tare jabu a tashar jiragen ruwa ta Apapa na hukumar SON ne, amma mai karatu ya san yawan jabun soket da wayar wuta da suka riga suka cika kasuwa, saboda haka gara ya yi wa kansa ido.

INDA ZA A KAFA TA

A nan ne shawarar da ke rubuce a jikin kwali ke rabuwa da halin da ake ciki. Takardar takan ce a kafa ƙararrawa a barandar da ke tsakanin ɗakunan kwana, nesa da kicin. An rubuta wannan ne don gidan Bature, mai kicin dabam. Amma gidan hayar da aka saba da shi a Kudu doguwar baranda ce guda, ɗakuna shida ko takwas a kowane gefe suna kallon juna, barandar kuwa ita ce kicin ɗin. Kowace ƙofa da rishonta ko 'yar tukunyar gas, tun asuba ana suya har dare. In aka kafa ƙararrawa a tsakiyar wannan wuri, za ta yi kuka sau biyar a yini, kafin mako guda wani ya ɗauko muciya ya kaɓe ta, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Saboda haka wurin farko shi ne cikin ɗakin kwana kansa, wanda daman shi ne ikon ɗan haya, ba sai ya nemi iznin kowa ba. Akwai wani dalilin kuma: dare a unguwannin Ikko ba shiru gare shi ba, janareto goma na ruri, ga fanka, ga ƙofa a rufe, ƙarar da ke can ƙarshen baranda ba lalle ta shigo kunnen mai barci ba. A kafa ta a silin, wajen tsakiya, domin hayaƙi sama yake fara taruwa sannan ya sauko. A bar tazarar aƙalla ƙafa ɗaya tsakaninta da bango ko ƙwan lantarki, gama iska ba ta motsi a kusurwa. In da fankar sama, a nisanta ta da bakin fikafikan kamar ƙafa uku, in ba haka ba fankar za ta riƙa kore hayaƙin daga gare ta. Kada kuma a sa ta dab da taga. Ƙusa biyu ne ke riƙe ta, duk mai iya rataya agogon bango ya iya kafa ta.

Ɗakin da ba shi da silin, kwano ne tsirara, yana bukatar dabara. Zafin da ke ƙarƙashin kwano da rana ya fi abin da aka yi na'urar ta jure, saboda haka sai a kafa ta can saman bango, ba a jikin kwanon ba. Inda kuwa ake da silin, a tuna cewa a yawancin gidajen nan bangon da ya raba ɗaki da ɗaki bai kai ga kwano ba, ya tsaya ne a silin. Watau sama duk fili ɗaya ne, wutar da ta kama a ɗaki na uku tana iya bi ta can ta faɗo ɗaki na takwas, musamman yanzu da silin ɗin roba ya zama yayi. Don haka ƙararrawar maƙwabci ma kariya ce ga kowa. Akwai irin waɗanda ke magana da juna ba tare da waya ba, in ɗaya ta ji hayaƙi duka su ɗauka, kuma su ne suka dace da irin wannan gida in 'yan haya za su haɗa kuɗi. Barandar kuwa, in dai za a sa mata, sai a bar ƙafa 10 tsakanin ƙararrawa da risho mafi kusa. In babu wannan fili, akwai wata na'urar dabam mai jin zafi maimakon hayaƙi, wadda ba ta motsi sai zafi ya kai wajen digiri 58, ita a kan sa a kicin.

To, ina batun turaren wuta? Wannan tambaya ce ta gaske, domin ba matar da za ta bar kasko saboda wani abu da aka liƙa a silin. Amsar ita ce a sayi mai maɓallin shiru, wanda in aka danna takan yi tsit na 'yan mintoci sannan ta koma aiki da kanta. Abin da ba a so shi ne a cire batir, ko a ɗaure ta da leda a manta. Ƙurar hunturu ma takan iso Kudu a Disamba da Janairu, ga ƙananan ƙwari da yanar gizo, duk sukan sa ta kukan banza, sai a riƙa goge ramukanta da busasshen buroshi. Kada mai fenti ya shafe ta. A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, ranar da aka saba da ita, misali Juma'ar farko. In aka ji tana ɗan ƙyas-ƙyas kamar gyare kowane minti guda, batir ne ya kusa ƙarewa.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kawar tun da wuri. Ƙararrawar hayaƙi ba ta jin iskar janareto. Kowace shekara a kan ji labarin iyali guda da aka wayi gari duk sun mutu a ɗaki, a yi ta zargin abinci ko sammu, alhali janareto ne aka shigar baranda ko bayan taga don gudun ruwan sama ko ɓarayi. Wannan ya shafi 'yan Arewa fiye da kowa, domin dubbansu masu gadi ne, ɗakin maigadi kuwa a gidajen Lekki da Ikeja sau da yawa bango ɗaya ne da ɗakin janareto. Ita wannan iska tana da tata ƙararrawar dabam, mai lamba EN 50291 ko UL 2034, akwai kuma wadda ta haɗa aikin biyu. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce a ajiye janareto ƙafa 20 daga kowace ƙofa ko taga, filin da gidaje kaɗan ne ke da shi a Ikko. Maigadin da ke tashi kullum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, in ya fita waje ya ji sauƙi, to, kada ya tsaya shan maganin zazzaɓi. Ya gaya wa maigidansa, sayen wannan na'ura kuma a wuyan maigidan yake.

Tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023, abubuwan da ke cikin ɗakin talaka sun sauya. Wanda ya sami fetur yakan ɓoye jarka a ƙarƙashin gado, wasu sun koma gawayi, wasu sun haɗa sola da batura ta hannun duk wanda ya ce ya iya. Babu ƙararrawar da za ta ceci mai kwana da jarkar fetur, domin fetur ba ya ba da minti uku.

Wasu sukan ce gobara ƙaddara ce, in ta zo ba makawa. Ba mai musun haka. Amma mai faɗin wannan shi ne ke sa wa shagonsa kwaɗo uku, ya kuma biya kuɗin 'yan sintiri kowane wata. Wasu kuma sukan ce ba za su kashe kuɗi a gidan wani ba, tun da ko yaushe ana iya ba su notis. Ƙararrawa ba bulo ba ce, ranar tashi a murɗe ta a sa a jaka tare da fanka.

A gaskiya nauyin ya kamata ya hau kan masu gidaje, kamar yadda ya hau a Ingila, ya kuma kamata gwamnatocin jihohi su sa shi cikin sharuɗɗan haya su riƙa bi suna dubawa. Amma wanda ya ce sai an yi haka zai motsa, zai daɗe yana jira. Abin da ke hannu shi ne tsarin da baƙin Arewa suka riga suka mallaka. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 take, da sarkinta da masu unguwanninta da masu masaukin fataken goro da shanu. Haka Agege, haka Shagamu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna tara kuɗi duk mako don jana'iza da belin 'yan'uwa da kai mara lafiya gida. In ƙungiya ta sayi kwali guda daga dila ɗaya da aka amince da shi, farashi zai sauka, jabu kuma ba zai sami ƙofa ba. Wuraren da ya kamata a fara da su su ne inda mutane da yawa ke kwana wuri ɗaya: makarantun allo, da masaukan fatake inda baƙon da ya sauka jiya bai ma san inda ƙofar baya take ba, da ɗakunan da samari goma ke haɗa kuɗi su kama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an san abin da ake yi wa naka.

Sai dai ƙara ba ta buɗe ƙofa. In ta tashi, abin yi shi ne a tashi yara, domin ƙananan yara sukan yi barcinsu ko tana kuka a kansu, a sunkuya ƙasa inda iska ta fi kyau, a taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, a fita a jawo ta. Daga waje ne a kan buga 112, a Ikko kuma akwai 767. Kada a koma don kuɗin ciniki ko takardu. Duk wannan kuwa ya dogara ne ga samun hanyar fita, a gidajen da kowace taga an yi mata walda da ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofar baya an mai da ita ɗakin ajiya, ta gaba kuma a kan datse ta da kwaɗo ƙarfe goma sha biyu, makullin yana aljihun mai kula da gida, wanda wani lokaci ma ba a gidan yake kwana ba. Masu walda sun iya yin ƙarfen taga mai ɓalli, wanda ke buɗewa daga ciki, kuɗin kuma ba shi da yawa in taga ɗaya ce a ɗaki. Makullin babbar ƙofa kuwa, ko dai kowane ɗan haya ya yanka nasa, ko a rataye guda a ƙusa daga ciki, inda ko yaro zai iya laluba shi cikin duhu.